Hukuncin aikin kai abinci da biyan farantin da ya fashe

Tambaya: Ni matashi ne daga Kwarbai, cikin birnin Zariya. Na samu aikin kai wa mutane abinci a tebur a wani gidan abinci da ke PZ, Sabon Gari. Mai gidan ya ce sai ya ga kamun ludayina kafin ya yanka mini albashi, kuma duk farantin da ya fashe a hannuna za a cire daga kuɗina. Wasu masu cin abinci kan bar mini canji. Mene ne hukunci?

Amsa: Ɗana, aikinka halal ne, babu ƙasƙanci a cikinsa. A fiƙihu sunansa ijara, kuma ba ta inganta sai an san aikin, an san ladan. Saboda haka zancen a jira a ga kamun ludayinka ya ɓata ƙullin tun daga tushe. Ka koma wurin mai gidan cikin ladabi ku yanka kuɗi, ko da na watan gwaji ne, a gaban shaida. Kwanakin da ka riga ka yi kuma, haƙƙinka ne a biya ka abin da ake biyan irinka a wannan kasuwa.

Batun faranti shi ne inda masu gidajen abinci da yawa ke cin haƙƙin yara, wasunsu ba su ma san haƙƙi suke ci ba. A mazhabar Imam Malik, ma'aikaci irinka amintacce ne a kan kayan da aka danƙa masa. Shehu Halil, a babin ijara na littafinsa Muhtasar, ya kawo mas'alar wanda ya yi tuntuɓe ɗauke da mai ko abinci ko ƙwarya suka fashe, ya hukunta cewa babu ramuwa a kansa muddin bai ƙetare iyaka ba. Sharaɗin da aka gindaya maka ba ya sauya wannan. Amma idan ka jibga faranti goma a tire don gaggawa, ko idonka na kan waya, to sakaci ne, biya ya hau kanka, gwargwadon ƙimar farantin a yadda yake, ba kuɗin sabo ba.

Canjin da mutum ya ce ka riƙe kyauta ce, ka ci. Canjin da ya manta da shi kuwa amana ne, ka mayar. Kada ka roƙa, kada kuma ka fifita mai kyauta ka bar talaka yana jira.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma tunda ka ce Sabon Gari dole in faɗa. Idan gidan na sayar da giya, kada ka ɗauke ta zuwa teburin kowa, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik ya sa mai ɗaukarta da mai shayar da ita cikin mutum goma da aka la'anta a kanta. In an ce dole sai ka kai, ka bar aikin. Haka nan ka sa lokutan salla cikin sharaɗinka tun ranar farko, musamman Juma'a, domin aya ta 9 ta Suratul Jumu'a ta hana ciniki bayan kiran salla.

In waɗannan sun cika, ka kama aikinka, albashinka halal ne. Wallahu a'alam.