Sunan da Gwamnati Ta Raɗa da Wanda Bakin Jama'a Ya Riƙe

A Kano akwai sunaye iri biyu. Akwai wanda hukuma ke rubutawa a allo ta kafa a bakin titi: Murtala Muhammad, Ibrahim Taiwo, Ahmadu Bello. Akwai kuma wanda ba a taɓa yi masa bikin buɗewa ba, amma shi mai adaidaita sahu ke ji ya tsaya: Madabo, Sharifai, Kabara, Soron Ɗinki, Ayagi. Shin ɗorewar sunan mutum a kan wani yanki na ƙasa yana da wani nauyi a wurin Allah, ko kuwa ado ne na duniya kawai?

Sunayen cikin ganuwa sun fi tsufa, kuma sun fi faɗin gaskiya. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, kuma Madabo ta zama cibiyar karatun da suka dasa. A zamanin Muhammadu Rumfa, wajen 1492, Shehu Magili ya sauka a birnin, kuma da shi ake danganta asalin Sharifai. Kabara ta samo suna daga Malam Umaru Kabara, kakan gidan da Shehu Nasiru Kabara ya fito. Ayagi ta Yarabawa ce, Tudun Nufawa ta Nufawa, Zangon Barebari masaukin fataken Barno. Ba kwamiti ne ya zauna a kan waɗannan ba. Mutane ne suka yi ta cewa za su wurin wane ɗaukar karatu, ko za su wurin su wane ciniki, har maganar ta manne wa ƙasar.

Malamai suna da abin cewa a nan, kuma ba duka bakinsu ɗaya ba. Masu tsoron riya suna ganin wanda ya yi aiki don a riƙa ambatonsa ya riga ya karɓi ladansa tun a duniya. Wannan tsoro yana da tushe. Amma a Suratush Shu'ara, Annabi Ibrahim da kansa ya roƙi Ubangiji kyakkyawan ambato a cikin na baya. Akwai kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito: an wuce da gawa, sahabbai suka yabe ta, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar mata da alheri, ya bayyana musu cewa su shaidun Allah ne a bayan ƙasa. Idan aka auna da wannan, sunan da jama'a suka ba unguwa saboda malamin da ya karantar da 'ya'yansu wata irin shaida ce. Laifin yana kan wanda ya nemi sunan ya sayo shi, kuma irinsa sun yi yawa a zamanin da ake sa wa gada suna tun siminti bai bushe ba.

Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, ya samu duka sunaye iri biyun, na hukuma da na bakin jama'a. Filin jirgin sama da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa bisa hukuncin gwamnati. Amma talakan Kano, in ya tuna Malam, Gwammaja yake tunawa, da gidan Mambayya inda aka yi ta shiga da koke ba tare da neman iso ba.

Sai dai bakin jama'a ma ba ma'aunin lahira ba ne. Yana riƙe abin da ya saba da shi, nagari ko akasinsa. Dala tana nan da sunanta tun zamanin Barbushe da bautar Tsumburbura, kuma musuluntar birnin ba ta sa an goge shi ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne waɗanda bakin ya manta gaba ɗaya. Kowa ya san Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa wajen ƙarni na 12, amma dubban da suka kwaɓa ƙasa suka ɗauki tubali a ka, da bayin da aka sa aikin ba da son ransu ba, ko lungu ɗaya ba ya amsa sunansu. Haka marinan Ƙofar Mata na farko, haka matan da suka yi ta kaɗi da saƙa a cikin kulle har tufafin Kano suka kai Agadas da Tarabulus. Muslim ya ruwaito daga Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas cewa Allah yana son bawa mai taƙawa, mai wadatar zuci, wanda ba a san shi ba. A wannan ma'auni, mai yiwuwa ne wasu daga manyan Kano suna cikin waɗannan maginan, alhali yau ana sare ganuwar da suka gina ana yanka filayen shaguna a gurbinta.