Wa Ke da Ikon Rubuta Labarin Jininmu?

A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta hana a ɗaura aure a Jihar Kano sai ango da amarya sun kawo shaidar gwajin lafiya, har da gwajin da ke nuna ko jinin mutum AA ne, ko AS, ko SS. Mu a Sabon Gari wannan ba baƙon abu ba ne, gama majami'u da yawa sun daɗe suna neman takardar nan kafin a fara sanarwar aure. Abin da ya sake shi ne inda yaranmu suke neman fassararta. Saurayi yakan fito daga ɗakin gwaji da haruffa biyu a hannu, kafin ya kai bakin titi ya riga ya ciro waya, sau da yawa kuma abin da zai fara cin karo da shi shafin Wikipedia ne.

Wikipedia kundin ilimi ne a intanet wanda aka buɗe a 2001, akwai shi da Hausa, kowa kuma yana iya shiga ya rubuta ko ya gyara abin da wani ya rubuta. A 2008 waɗansu masana a Amurka suka fara wani aiki mai suna Gene Wiki: suka sa kwamfuta ta buɗe dubban shafuffuka a cikin kundin, kowane shafi domin ƙwayar gado guda ta ɗan Adam, da begen cewa masu sani za su zo su cika su. Tambayarmu ke nan: daidai ne a ajiye irin wannan ilimi, wanda yake ɗaura aure yake kuma warware shi, a ɗakin da ba shi da makulli?

Bari mu fara da abin da ɓoyewa ta jawo mana. Kakanninmu sun binne yara bi da bi ba su san dalili ba. Bahaushe a Fagge ya ce wabi ne. Maƙwabcinsa Bayarabe a ƙetaren hanya ya ce abiku. Ibo ya ce ogbanje. An zargi iska, an zargi kishiya, yawanci kuma uwa ce ta ɗauki laifin. Waɗansu daga cikin yaran nan kuwa amosanin jini ne ya kashe su, wato sikila. Yau an san cewa harafi ɗaya ne tak ya sauya a cikin ƙwayar gadon da ake kira HBB, wadda ke sarrafa sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. An san kuma cewa wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da S guda, kuma abin ya yawaita a ƙasashenmu ne domin mai AS yakan tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani fiye da mai AA. Ashe abin da muka ɗauka la'ana garkuwa ce da ta ceci zuriya, sai dai idan ta haɗu biyu takan zama cuta. Macen da ta karanta wannan da harshenta za ta daina sunkuyar da kai a gaban surukai. Ko Gregor Mendel, firist ɗin nan da ya gano ƙa'idar gado a lambun wake, ya buga bincikensa a 1866, amma takardar ta kwanta fiye da shekara 30 kafin duniya ta kula da ita. Ba mu ga alherin da ke cikin ilimin da ya kwanta ba.

Amma ƙofar da ta buɗe wa mai sani ta buɗe wa mai rabin sani. Ga misali. Ana cewa idan AS ya auri AS, ɗaya cikin huɗu zai zama SS. Wanda ya fassara wannan cikin gaggawa, ko ya bar wa na'ura ta fassara masa, yana iya rubuta cewa a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai yi ciwon. Mun sha jin matasa suna lissafi a kan haka: za mu haifi uku mu tsaya. Wannan kuskure ne mai cin rai. Gaskiyar ita ce kamar jaka ce mai duwatsu huɗu, ɗaya ja. Kowane ciki ana sa hannu a zaro dutse, sa'an nan a mayar da shi cikin jakar kafin ciki na gaba. Ana iya zaro jan tun a ɗan fari, ana iya zaro shi sau uku a jere, ana iya haihuwa shida ba a zaro shi ba. Tsakanin jimlar farko da ta biyu akwai dararen da uwa za ta kwana a asibiti tana neman jini.

To, a rufe ƙofar? A ganinmu, a'a. Kuskuren da aka faɗa a teburin mai shayi ba mai iya bin sa ya goge, amma wanda aka rubuta a kundin ana ganinsa, ana ganin ranar da aka sa shi, ana kuma iya gyara shi a daren nan. Saboda haka nauyin ya koma kan waɗanda suka sani. A bencinmu na ranar Lahadi akwai likitoci, da ma'aikatan jinya, da masu aikin ɗakin gwaji, da malaman kimiyya, da yawansu kuma Hausa a bakinsu take tun suna yara. Wanda ya ga rami a hanyar da yara ke bi ya wuce, ba ya iya cewa ai ba shi ya haƙa ba.

Sai dai akwai wani abu dabam da ake yawan haɗawa da wannan, alhali ba ɗaya suke ba. Bayanin yadda sikila take na kowa ne. Bayanin jinin wane, ɗan wane, amana ce. Mutanen Fagge ba sa bukatar a koya musu wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana, inda aka sa yara wajen 200 a cikin binciken, 11 kuma suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an yi musu bayani sun yarda, kuma cutar ce ta kashe yaran. Bayan sulhun 2009, sai da aka nemi masu neman diyya su yi gwajin ƙwayoyin gado domin a tabbatar su ne, a 2011 kuma iyalai huɗu suka fara karɓa. Duk rigimar a kan kalma ɗaya ta tsaya, wato yarda. Haka nan a 2013 waɗansu masana a Jamus suka baza a intanet bayanan gadon ƙwayoyin jikin wata Ba'amurkiya, Henrietta Lacks, wadda ta rasu tun 1951, ba tare da tambayar jikokinta ba. Da iyalin suka koka, aka janye, daga baya aka sa su cikin masu ba da izini.

Me ya sa jikoki ke da magana a kan jinin kakarsu? Domin jini ba ya ba da labarin mutum ɗaya. Wanda ya ce a fili shi SS ne, ya riga ya faɗi abin da ke jinin uwarsa da ubansa, ya kuma sa ana duban ƙannensa mata da wani ido. In kuwa aka rubuta cewa yaro SS ne alhali takardar mahaifinsa ta ce AA, an jefa wata magana a unguwa wadda ba a yi niyyar jefawa ba, ko da ɗakin gwajin ne ya yi kuskure, abin da yakan faru. Don haka ko mai jinin kansa ba shi kaɗai yake da ikon bazawa ba, balle wani ya baza masa. Wikipedia kanta tana da ƙa'idar da ta hana a rubuta irin wannan a kan rayayye ba tare da tabbatacciyar madogara ba, amma kafin a goge, wani ya riga ya ɗauki hoton shafin ya tura.

Wannan ya shafe mu har cikin ofishin majami'a. Takardun gwajin da masu shirin aure ke kawowa, wa yake ganinsu? A wane akwati suke kwana? Idan aure ya fasa bayan gwaji, ta wace hanya dalilin yake kaiwa Kasuwar Sabon Gari kafin mako ya zagayo? Yarinyar da aka san AS ce ba ta da ciwo, tana iya auren mai AA su haifi 'ya'ya ba ko ɗaya mai SS, amma mun ga waɗanda samari suka daina sallama a gidansu saboda wani ya faɗi abin da bai kamata ya fita daga bakinsa ba.