Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Duk wanda ya taɓa shiga daji yin itace ba tare da gatarinsa ba ya san inda wannan magana ta dosa. Kana tsaye, rana tana ɗagawa, ɗan'uwanka yana ta sara, kai kuwa sai "in ka sara ka ba ni." Ba rowa ya yi maka ba, nasa aikin yake yi. Amma sai ya gama, sai ya ga dama, sannan gatarin zai zo hannunka, kuma kana cikin sara zai ce a tashi a koma gida. Bahaushe bai ce guntun gatari ya fi kaifi ba, bai ce ya fi saurin kayar da icce ba. Fifikonsa ɗaya ne: yana hannunka a daidai lokacin da kake bukatarsa.

A yau babu inda wannan magana ta fi zama daram kamar kan kayan miya. Mu da muke zaune a birane mun miƙa tukunyarmu kacokan ga kasuwa, kasuwa kuwa mai gatari ce da ba ta san sabo ba. Da rani, lokacin da tumatirin Kadawa da Kura ya cika Kwanar Gafan, sai a rasa yadda za a yi da shi, har a yanka a shanya kauɗa a bakin titi. Damina na faɗuwa labari ya sha bamban, uwargida ta aika yaro 'Yankaba ya dawo da ɗan abin da bai rufe gindin kwano ba. A shekarar 2016 abin ya wuce na kullum. Tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira Sharon, ta cinye gonakin tumatir, gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ma ta tsayar da aiki don ba ta samun abin sarrafawa. A waccan shekarar gidan da ke da zogale biyu a bayan ɗaki da ɗan fegin yakuwa bai kwana da tuwo gaya ba.

Iyayenmu mata a karkara ba su taɓa jiran a koya musu wannan ba. Kabewa na bin danga, kubewa na bayan rumbu, rama da lalo na gefen makewayi, ɗoɗɗoya na kusa da randa tana shan ruwan da ke ɗiga. Mu ne muka zo muka malale tsakar gida da siminti, muka ce wayewa ce.

To, ko a kan simintin ma ana iya yi. Tsohon buhun shinkafa ko fasasshen bokiti, a huda ƙasansa don ruwa ya riƙa fita, a cika da ƙasa mai kyau haɗe da taki, ya ishi tushen tattasai ko attarugu. Sai dai takin ya zama wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji zafi gare shi, ƙona saiwa yake yi. Alayyafo bai cika wuce wata guda ba ya isa tsinka, kubewa kuwa wajen wata biyu. Zogale ko reshe ka sara ka kafa zai kama, kuma idan ya kai ƙugu aka datse kansa sai ya yi rassa ya cika da ganye, maimakon ya miƙe zangal-zangal ya fi ƙarfin hannu. Gwanda ita ce mai ɗan wayo: akwai namiji da ba ya ba da 'ya'ya, don haka ake shuka uku ko huɗu, a jira su yi fure, sannan a san wadda za a bari. Wanda ke son lemo ko mangwaro ya nemi mai aure, shi ne ke saurin haihuwa. Na'ana'a kuma a ba ta mazubinta ita kaɗai, domin in ta samu wuri mamaye shi take yi.

Akwai abin da masu yawan kawo wannan karin magana suke tsallakewa, wato gatari, ko guntu ne, yana son wasawa. Lambun gida ba ya yafe sakaci. Kwana biyu na zafin Afrilu ba ruwa sun isa su kashe tumatirin da ke cikin buhu. Ban-ruwa da sassafe ake yi ko da la'asar sakaliya, kuma ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi, ban da mai omo. Ƙwari in sun taso, a barbaɗa toka, ko a daka ganyen darbejiya a jiƙa a tace a fesa. Babban abokin gaba dai ba tsutsa ba ce, akuyar gida ce da kaji. Wanda bai yi shinge ba, ko da na kara ne ko na tsohon gidan sauro, dabbobinsa ya yi wa noma.

Kada kuma a ɗora wa maganar abin da ba ta ce ba. Guntu dai guntu ne. Buhu biyar a tsakar gida ba za su raba ka da albasar Galmi ba, ba za su ciyar da taron biki ba. Ba kuma cewa aka yi a daina aro tsakanin maƙwabta ba, ai zaman tare ya gaji haka. A ganina ma, mai ɗan lambu ya fi kowa riƙe zumunci, domin zogale ɗaya da aka kula da shi ya fi ƙarfin gida ɗaya, dole a tsinka a miƙa ta katanga. Bambancin kawai, wannan karon daga wajenka ake aikowa a karɓa.

Saboda haka, mai karatu, kada ka ce sai ka sami fili ko ka haƙa rijiya. Nemi reshen zogale wajen maƙwabci ka kafa shi kafin ruwan farko ya sauka.