Kukan Mace Cikin Waƙa: Gunaguni Ne, Ko Gaskiya?

'Yan'uwa cikin Almasihu, ga tambaya mu auna. Idan mace ta zuba baƙin cikinta cikin waƙa, zunubin gunaguni ta yi, ko kuwa gaskiya ta faɗa?

A ƙauyukan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, mata sun daɗe suna waƙa a bakin turmi da kan dutsen niƙa. Nan amarya takan yi kukan auren da aka yi mata ba da sonta ba, uwargida kuwa ta koka da zafin kishi. Abin da kunya ta hana ta faɗa a gaban miji, sai ta gaya wa taɓarya. Ana ce da ita 'yar wane, matar wane, uwar wane, har sunanta na yanka ya kusa ɓacewa. Cikin waƙa ne take tambaya, ni wace ce?

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta san ƙarfin waƙa. Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji, suka kai karatu ga matan karkara, su ne 'Yan Taru. Ko da yake bangaskiyarmu ba ɗaya ba ce, himmarta abin koyi ce gare mu.

Ku duba Littafi Mai Tsarki. Kishiyar Hannatu ta yi ta tsokanarta, Eli ma ya zaci ta bugu ne, amma Ubangiji ya ji ta, waƙarta kuwa tana nan cikin 1 Sama'ila 2. Cikin Farawa 16, Saraya ba ta ambaci sunan Hajaratu ba, baiwa kawai take ce da ita. Mala'ikan Ubangiji ne ya kira ta da sunanta.

Ashe kuka dabam, gunaguni dabam. Mai gunaguni Allah yake zargi. Mai kuka wurin Allah yake kai ƙara, kamar yadda masu Zabura suka yi. Habaici da zagi zunubi ne, amma faɗin zalunci ba zunubi ba ne. Mai zunubin shi ne wanda ya jawo kukan.

Yau mata da yawa a ƙasar nan sun zama gwauraye sabili da 'yan bindiga. Kada mu ce musu su yi haƙuri tun ba mu saurare su ba. Maigida, ka san waƙar da matarka take yi idan ka fita?