Ɗana, Kafin Ka Kawo 'Yar Kyanwa Gida

Ɗana, na ji an ce tun da kuka kai gero da dawa rumbu ɓeraye suka hana ku barci, har kana cigiyar 'yar kyanwa. Madalla. A ƙasar Ungogo, daga Fanisau har Rangaza da Kadawa, gida da gona a jingine suke da juna; da an yi girbi, ɓeran da ya ƙoshi a kunya sai ya biyo hatsi har ɗaka. Mage kuwa ta fi kowane tarko. Amma zauna ka ji, domin rai za ka ɗauko, kuma za a tambaye ka a kansa.

Kada ka yi gaggawar raba ta da uwarta. Ido a rufe ake haihuwarta, sai bayan kwana 7 zuwa 10 take buɗe shi. Ba ta fara lasar abinci sai wajen mako 4, yaye kuma ba ya cika kafin mako 8. Ni na taɓa yin wannan kuskure. Wata shekara cikin hunturu na karɓo wata 'yar fara mai ɗigon baƙi a goshi, ba ta fi mako uku ba, na sako ta a aljihun riga. Muka zuba mata nonon shanu a murfin kwano, tana lasa muna murna. Kashegari gudawa ta kama ta. Kwana biyu tana kuka a bayan randa, muryar tana ƙara sirancewa, a na uku da asuba na taɓa ta na ji ta yi sanyi. Daga baya wani likitan dabbobi ya faɗa mini cewa cikin mage ba ya narkar da nonon saniya sosai, kuma jaririya irin wannan ba ta iya riƙe ɗumin jikinta sai ta raɓu da uwa. Har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsakanin mako 2 da 7 ne 'yar kyanwa take sabo da hannun mutum, wato tana gidan uwarta. Ka riƙa leƙawa can, ka ɗauke ta a tafin hannu, ka shafa bayan kunnenta, ka mayar. Wadda ta taso babu mai taɓa ta, ita ce ke zama a kan katanga tana huci. In ta zo gida ka ja kunnen yara: ban da jan wutsiya, ban da ɗaure wuya da igiya. Su ɗaura tsumma a zare su ja mata a tsakar gida, kada su ba ta yatsa, don wasan cizo yana girma tare da haƙori. Ka ajiye mata yashi a tsohon daro a lungu, a riƙa kwashewa kullum, amma ba mai juna biyu za ta kwashe ba.

Akwai maganar da nake ji a majalisa wadda take ɓata mini rai, wai a bar mage da yunwa don ta fi kama ɓera. Farauta halinta ce, ko ta ƙoshi sai ta yi. Mai yunwa ita ce ke buɗe tukunyar miya, ta bi 'yan tsakin maƙwabta, a wayi gari ana jifanta. Ka tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Tuwo kaɗai ba ya riƙe ta, jikinta nama yake buƙata: ɗan kifi da aka cire wa ƙaya, guntun nama, dafaffen ƙwai, da ruwa mai tsabta a kwanonta. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka ba kowace miya ba.

In ta kai wata 3 ka kai ta asibitin dabbobi a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, a ba ta maganin tsutsar ciki. In ta yi rashin lafiya, ina roƙonka kada ka ɓantara mata Panadol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Kada kuma a shafa mata fiya-fiya ko maganin feshin gona don ƙuma, domin da harshe take wanka. Ranar da za ta shigo, ka bi bayan buhuna da gindin rumbu ka kwashe duk shinkafar ɓeran da ka zuba. Ɓeran da ya ci guba tafiyarsa a hankali take, shi za ta fara kamawa.