Bikin Asali a Ƙasar Baƙunci

A ƙasar Kazaure da wuya a sami unguwar da ba ta da ɗa a nesa. Tun zamanin fatauci mutanen wannan yanki suke bin ayari zuwa Gwanja sayen goro. Da jirgin ƙasa ya iso Kano kuma suka riƙa gangarawa Kurmi, waɗansu cin rani, su komo da faɗuwar ruwa, waɗansu kuwa tafiyar ke nan, sai dai labari. Wanda ya zauna can ya yi aure ya haifu, 'ya'yansa da jikokinsa su tashi ba su taɓa ganin duwatsun Kazaure ba, ba su san hanyar Roni ko ta Gwiwa ba. Amma ran Salla sai su sa babbar riga, su naɗa rawani, a kirawo makaɗa, a tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, kowa yana faɗin garin kakansa da ƙarfi.

In labarin irin wannan biki ya zo gida, dattawa sukan rabu biyu. Waɗansu su ce wasan yara ne, kowa ya bar gida gida ya bar shi, riga kuwa ba ta mai da mutum ɗan gari. Waɗansu su ce a'a, wanda ya tuna ya fi wanda ya manta, ko ba kome. Gardamar ba ƙarama ba ce, domin a kanta ne za a san ko jikan da ya zo daga Kumasi yana sallama a ƙofar gida ɗan'uwa ne ko baƙo.

Akwai wata al'umma cikin Turawa wadda ta yi suna wajen irin wannan biki, labarinta kuwa zai taimaki mai karatu ya auna maganar. Su ne mutanen Sikotilan, ƙasa mai duwatsu da sanyi a arewacin Ingila, wadda ta haɗa majalisa da Ingila a 1707. Ba baƙi ba ne ga tarihin ƙasar Hausa. Baturen nan Kilafaton, wanda ya riƙa amsa sunan Abdullahi, mutumin can ne. Ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, lokacin da Sarkin Kano Ibrahim Dabo yake fama da Ɗantunku, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya sake dawowa kuma can ajali ya same shi a 1827.

Waɗannan mutane sun watsu cikin duniya ƙwarai, ba kuwa duka don marmari ba. A 1746 aka ci mutanen kan tudunsu da yaƙi a wani fili da ake kira Kuloden, aka kafa doka ta hana su sa tufafinsu na gado, ba a ɗage ta ba sai 1782. Bayan wannan masu ƙasa suka ga tumaki sun fi talakawa kawo riba, suka yi ta tashin ƙauyuka don a sami makiyaya. Talakawan suka shiga jiragen ruwa. A 1773 wani jirgi ya sauke kusan mutum 200 a gaɓar Kanada, a lardin da ake kira Nofa Sikoshiya, watau Sabuwar Sikotilan. Waɗansu suka nufi Amurka da Ostareliya, waɗansu kuma suka kafa birnin Dunidin a Niyu Zilan a 1848, suka sa masa tsohon sunan babban birninsu.

Jikokin waɗannan har yanzu suna taruwa kowace shekara. Ran 30 ga Nuwamba suna bikin waliyyin ƙasarsu, Andarawus. Ran 25 ga Janairu suna tuna ranar haihuwar babban mawaƙinsu Robat Banz, wanda aka haifa a 1759, a karanta waƙoƙinsa, a kawo wani abinci na tumbin tunkiya da aka cusa wa hanta da zuciya da huhu da garin hatsi, a shigo da shi da busa kamar an rako sarki. Mazansu su ɗaura wani ɗan zane na ulu mai gida-gida kamar saƙi, wanda bai wuce gwiwa ba, suna busa wata irin algaita mai salka, wadda ake hura wa iska a matse ta a hammata. Da bazararsu kuma su yi wasannin ƙarfi, da jifan gungumen itace da na dutse. A garin Antigonish na Kanada tun 1863 aka fara. Har a Ikko sun kafa ƙungiyarsu. Ana shan giya a wurin, wannan kuwa ba abin da Musulmi zai ara ba ne, amma ba ita ce maganar ba.

To, 'yan'uwansu na gida sukan yi musu dariya, dariyar kuwa tana da dalili. Yawancin masu bikin ba su jin tsohon harshen kan tudu ko kalma goma. Zanen nan da kowa yake cewa na zuriyarsa ne tun fil azal, masana sun bincika sun tarar raba shi zuriya-zuriya aikin masaƙa da 'yan kasuwa ne na ƙarni na 19, musamman bayan ziyarar Sarki Joji na Huɗu a birnin Edimbara a 1822, da aka sa manya suka fito cikinsa. Mutanen kwari ma, waɗanda su ne mafi yawa, kakanninsu ba su ɗaura shi ba. Ashe mutum yana iya yin kuka don begen wata al'ada wadda kakansa bai san ta ba.

Amma wanda ya tsaya a kan dariyar bai kai gindin labarin ba. Ƙungiyoyin nan ba don rawa aka fara su ba. Wadda ta fi tsufa a Amurka, ta birnin Boston, an kafa ta a 1657, dalilin kafa ta kuwa shi ne agazawa 'yan ƙasarsu matalauta, cikinsu har da waɗanda aka kama a yaƙi aka kai can aikin ƙarfi na shekaru. Ana tara kuɗi a asusu, a yi jinyar mara lafiya, a binne wanda ya mutu ba dangi, a nema wa sabon zuwa sana'a. Liyafar shekara ita ce ranar da ake ganin juna a cika asusun. Busa da zane daga baya suka yi yawa.

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka a zango zai gane wannan nan da nan. A zangon Kumasi da na Ankara, da Sabo ta Badun wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, abin da ya riƙe jama'a shi ne mai masauki. Yaro ya sauka daga mota da ƙullin kayansa, bai san kowa ba, ya ce shi mutumin Babura ne, sai a nuna masa gidan da zai kwana, a ba shi tuwo, gobe a haɗa shi da mai goro ko mai shanu. In ya yi rigima Sarkin Hausawa ya tsaya masa, in ya mutu a yi masa sutura. Haka a Sudan, inda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka da jama'arsa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, garin da suka kafa ya zama masaukin mahajjata masu tafiya da ƙafa. A Gwanja kuma Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete Karachi a 1934, ya karantar da ɗalibai ya rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci, har ya zamana abin da ya ajiye wa harshen nan a baƙunci ya fi na dubban waɗanda ba su taɓa fita ƙofar gari ba. Inda akwai irin wannan aiki, kiɗan ran Salla shaida ne na abin da ake yi sauran kwanakin shekara. Inda babu shi, kiɗa ne kawai, makaɗi ya karɓi kuɗinsa kowa ya watse.

Game da harshe kuma, mutumin Kazaure ya kamata ya yi dariyarsa a hankali. Wanda ya kafa masarautar, Ibrahim Ɗantunku, Bafillace ne, a 1819 ya tsaya da ƙafarsa, ɗansa Dambo ya mai da Kazaure mazaunin sarauta. Gidaje nawa ne cikin garin suke amsa sunan Fulani, alhali kuwa in an gaishe su da Fillanci sai su yi murmushi su amsa da Hausa? Ba wanda ya ce sun yi ƙarya. Sun san sunayen kakanninsu, sun san wanda za su yi wa ta'aziyya da wanda za su kai wa goron biki. In an yarda musu da wannan, da wane baki za a hana jikan Bahaushe na Kumasi, wanda Hausarsa ta gauraya da Tonanci?

Sai dai bikin asali yana da cuta biyu, duka kuwa an gan su. Ta farko ita ce zaɓen abin tunawa. Mai biki yakan tuna zaluncin da aka yi wa kakansa, ya manta da wanda kakansa ya yi. Mutanen Sikotilan da aka kora daga gonakinsu, da yawansu sun je sun zauna a ƙasar da aka ƙwace daga mutanen asalin Kanada da Ostareliya, ba a cika ambaton wannan a wurin liyafa ba. Ayarin Gwanja ma ba kanwa da tufafi kaɗai ya kai kasuwar Salaga ba, har da bayi. Maroƙi ba zai faɗi wannan ba, don ba a biyansa a kan haka. Malamai kuwa tun dā suna hana alfahari da nasaba, domin mutum bai zaɓi kakansa ba balle ya nemi lada a kai.

Cuta ta biyu ta fi tsanani, ita ce mutum ya mai da asalinsa katanga. Ya shekara arba'in yana shan ruwan gari, bai koyi gaisuwar masu garin ba, yana kiransu da sunan raini, bai nemi takardar zama ba, wai shi baƙo raɓa ne, gobe zai tafi. Gida kuma bai aika da ko wasiƙa ba. Irin wannan ya saki reshe bai kama ganye ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita. Mutane dubu-dubu suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau manyan motoci, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zango, ba su san wata ƙasa ba. Kada kuma mai karatu ya ɗauka mugunta ta mutanen wata ƙasa ce kaɗai: a 1983 Nijeriya ta yi irin wannan kora, da yawan waɗanda ta shafa mutanen Gana ne.

A irin wannan rana ake gane abin da bikin ya ƙunsa. A ɗauki misalin mutum biyu daga ƙasar Roni, dukansu suna sa riga ɗaya ran Salla a zango. Na farko duk shekara yana aiko da ɗan abin da ya samu ta hannun mai zuwa, in an yi rasuwa ya aiko da ta'aziyya, ya taɓa turo ɗansa ya yi damina biyu wurin baffansa. A can kuma ya iya harshen maƙwabtansa, ran bikinsa yakan kai musu nama. Da kora ta zo, wani maƙwabci ya riƙe masa gidansa amana, a Roni kuwa aka share masa ɗaki aka yanka masa gona. Na biyu ya fi shi yawan makaɗa da tsadar rawani. Da ya iso da iyalinsa, ya faɗi sunan ubansa a gaban mai unguwa, sai da aka nemo tsofaffi biyu kafin a sami wanda ya tuna, gonar gadon kuma an daɗe da raba ta. Ba a kore shi ba, amma masaukin baƙi aka kai shi.

Wannan ba ya wanke na gida daga nasu laifin. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Da yawa ba su tuna ɗan'uwansu na nesa sai in rufin ɗaki ya zube ko za a yi aure, in kuwa ya zo hannu sake, sai a fara kwaikwayon Hausar 'ya'yansa a bayan idonsu. Yaron da aka yi wa haka ba zai sake marmarin zuwa ba, zai koma ya riƙe rigar da kiɗan, tun da su ba su yi masa gori.

Dā tsofaffi suna da hanzari, domin wasiƙa sai an nemi mai rubutawa an biya shi, ya kuma ji asirin gida. Wanda ya sami takardar shaida ta yaƙi da jahilci ba shi da wannan hanzari, ga kuma waya a aljihu. Yana iya zama da tsohuwar da ta rage a gidan, ya rubuta sunayen waɗanda suka tafi da shekarar tafiyarsu da garin da aka ji sun sauka, ya ajiye takardar a cikin akwati. Tun 2015 ake bikin Ranar Hausa ran 26 ga Agusta, a gida da waje, samarin zango kuwa suna fitowa cikinta da riguna da huluna kamar na kowa. Wata rana ɗayansu zai hau mota daga Kano ya sauka a Kazaure, yana tambayar gidan wani mutum da ya bar garin tun kafin a haifi ubansa.