Hutun ɗan lakwal, wahalar mai tabarma

Akwai wata shawara da ke shigo mana ta salula, kuma ɗalibai na ta maimaita ta a tsakaninsu: in kanka ya yi zafi da karatu, ka ajiye kaye da bik ka kama wani aikin hannu, saƙa ko ɗinkin hula ko kwaɓa yumɓu, sannan ka riƙa taka ƙasa sannu-sannu da la'asar kana lura da numfashinka. Wai haka ke maido wa mutum hankalinsa. Shawarar ba ta da aibi, ni ma ina bayanta. Sai dai akwai tambayar da ke maƙale a gindinta, kuma mu ƴan ƙasar nan ta fi shafa. Abin da ake ce mana mu yi don hutu, shi ne uwayenmu ke yi don tuwo. Matar da ke saƙa tabarma a ƙauyukan Madawa gero take nema. Tsohon da ke taka kilomita goma zuwa kasuwa, kuɗin kabu-kabu ne ba shi da su. To ya dace mutum ya mai da wahalar wani abin shaƙatawarsa? Ko kuwa tsohon raini ne aka sa wa sabuwar riga?

Kafin mu kai can, bari mu duba ko maganar nitsuwar ma gaskiya ce.

Gajiyar ɗalibi daban take da ta manomi. Manomi ya yini da hauya, jikinsa ya mutu, ya kwanta barci ya kwashe shi. Ɗalibi kuwa jikinsa zaune yake tun safe, kansa ne ke gudu, kuma kai ba ya jin an ce masa tsaya. Abin da ya fi muni, karatu ba shi da bakin iyaka. Wa ya taɓa rufe kaye ya ce yau na gama sani? Jarrabawa tana can bayan wata shida, takardar shaida bayan shekara uku ko huɗu in yajin aiki bai ci shekarar ba, aiki kuma sai abin da Allah ya yi. Mutum na zuba ƙarfinsa cikin rijiyar da bai jin ƙarar faɗuwar komi a cikinta. Shi ya sa za ka ga saurayi lafiya lau amma barci ya ƙaurace masa, ya kwana a fada yana shan shayi zagaye uku, wani ma ya kai ga ƙwaya.

Aikin hannu yana da abin da karatu ya rasa: amsarsa nan take ce. Kabar da ba a jiƙa ba, da ka lanƙwasa ta sai ta karye. Yumɓun da ruwa ya yi wa yawa, bakin tukunyar zai zube a hannunka. Mai kaɗi in ta ja auduga da garaje zaren ya tsinke, in ta yi sanyi mazari ya tsaya. Babu mushen da zai tafi da takardarka ya dawo da ita bayan wata guda, babu alfarma, babu satar amsa. Kayan aikin da kansa ne ke gyara ka, kuma ba ya jin haushinka. Don haka tilas hankalinka ya zauna a kan yatsunka, tunanin bursi da bashin mai shago ba su samun wurin zama. Da magariba ta yi kuma ga abin a ƙasa, taƙi biyu ko uku na saƙa, kana iya auna shi da hannunka ka ce wannan ni na yi shi yau.

Masana halin ɗan Adam sun san wannan. Wani daga cikinsu, Mihaly Csikszentmihalyi, ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a Amurka, ya fitar da littafi a 1990 kan wannan yanayi da mutum ke nutsewa cikin aiki har ya manta da agogo. Abin da ya lura da shi shi ne yanayin na zuwa ne in aikin bai yi sauƙin da zai gundure ka ba, bai kuma yi wuyar da za ta firgita ka ba, sannan kana ganin sakamakonsa a take. Tun kafin shi ma, a lokacin yaƙin duniya na farko, asibitocin Ingila da Amurka sun riƙa ba sojojin da suka dawo da rauni ko firgici aikin saƙar kwando da ɗinki don su farfaɗo. Kakanninmu ba su rubuta littafi a kai ba, amma duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa tana kaɗi, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, ya ga fuskar mutumin da babu abin da ke korarsa.

Batun motsi a hankali ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma tafiya da ƙafa tana ciki. Zuciya kuma takan ɗan rage gudu duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi, shi ya sa jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali ke kwantar da gaba. Mutanen Sin suna da taici, na Indiya suna da yoga. Mu kuwa tun a makarantar allo aka koya mana cewa ɗuma'nina tana cikin farillan salla, wato gaɓoɓi su zauna daram a ruku'u da sujada kafin a ɗago. Salla ibada ce, ba na mai da ita wasan motsa jiki. Na kawo ta ne don a ga cewa zancen jiki ya nitsu zuciya ta bi shi, ba baƙo ba ne a gidanmu.

Abu ɗaya dai, kada a yi wa maganar ƙari. Wanda baƙin ciki ya danne shi makonni, ba ci ba barci, wurin likita ya kamata a kai shi. Kaba ba ta maye gurbin magani.

To nitsuwar gaskiya ce. Yanzu sai tambayar tamu.

Mai suka zai ce: kai ɗan lakwal kana saƙa awa guda, in ka gaji ka ajiye ka tafi. Ita mai tabarma ba ta da ikon ajiyewa. Sai an yanko kaba, a shanya, a tsaga, a rina wadda za a rina, a jiƙa, a saƙa dogayen layuka, sannan a haɗa su. Kwanaki ke nan a duƙe, baya na ciwo, yatsu sun tsage. Ran kasuwa ta kai, wani mai takalmi sau-ciki ya tsaya ya yi ta ciniki a kan dala goma, ya ce ai ta roba ta fi araha. Mai ɗinkin hula idonsa ke tafiya, majemi ya yini cikin warin fata da ruwan bagaruwa, mai ginin tukunya ta sha hayaƙin gashi. Ka zo ka tsinci ɓangaren daɗin ka bar musu na zafin, sannan ka ɗauki hoto ka sa a Facebook. Wannan suka tana da nauyi, ban ga yadda za a kauce mata ba.

Kuma tana da tushe mai zurfi. Lakwal ta raine mu da tunanin cewa aikin hannu na wanda ya faɗi ne. Wanene cikinmu bai ji an ce masa, “In ba ka yi karatu ba garaji za a kai ka” ba? Kamar garaji gidan kaso ne. Tun kafin lakwal ma akwai namu na gado: har yau akwai gidajen da za a hana yarinya auren saurayi don kakansa maƙeri ne ko mahauci, alhali da haukar maƙerin aka noma geron da ake ci a gidan. Saurayin da ya taso cikin wannan raini, in ya wayi gari ya ce saƙa na kwantar masa da hankali don ya ga Turawa na faɗi, bai daina raina mai saƙa ba. Ya dai samu izini daga waje.

Amma a nan nake rabuwa da mai suka. Cewa mai sana'a ba ta samun komi a aikinta sai wahala, shi ma wani raini ne, ya mai da ita jakar dawa. Dubi ƙwarya. Da zane da babu zane fura ɗaya za ta ɗauka, amma ga mai sassaƙa ya zauna yana ƙona mata layi bisa layi. Dubi jan layi da kore da ake ratsawa cikin tabarmar Madawa, ko zanen da magina suka yi wa fuskokin gidajen Birni a Damagaram, ko adon jakar fata ta dukawan garin. Abin da ake ƙara musu a farashi bai kai lokacin da adon ya ci ba. Yunwa ba ta umurci kowa ya yi ado ba. Akwai wani abu da hannu ke so don kansa, kuma talaka ma yana da shi. Larura da jin daɗi suna iya zama a tabarma guda.

Abin da ke kashe daɗin, a ganina, gaggawa ce. Ranar da dillali ya ce yana son goma kafin kasuwa, ko farashi ya faɗi har sai an ninka aiki kafin a samu tiyar gero, ranar hannu ya daina bin saurin kansa ya koma bin na wani. A nan wahala ke cinye nitsuwa. In kuwa haka ne, ɗalibin da ake kora daga jarrabawa zuwa jarrabawa da mai tabarmar da kasuwa ke kora, ciwonsu ya yi kama, ko da yake nata ya fi zafi nesa ba kusa ba.

Rabuwar kai da hannu ma ba daɗaɗɗen abu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, an san shi da tufkar igiya duk da iliminsa. Har gobe za ka ga gardi da allo a gefe da hula a hannu yana ɗinki, malamai da yawa kuma da surfanin riga suka riƙe gidajensu. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin hasken rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya nuna cewa tarbiyyar gargajiya ba ta raba aikin hannu da na ƙwaƙwalwa, ya kuma soki makarantar mulkin mallaka da ta yanke yaro daga rayuwar mutanensa. Ɗalibin da ya kama kaba, in ya kama ta da gaskiya, gida ya dawo.

Kalmar ita ce “da gaskiya”, kuma ga abin da nake nufi. Ka je wurin masu abin. A gidan tarihi na Bubu Hama da aka buɗe a Yamai a 1959, maƙera da dukawa da masaƙa na zaune suna aiki a fili, haka ma a Wadata. Mirya na da masu ginin tukwane, ƙauyukan Gulbin Kaba kuwa sunansu ma ya faɗi abin da suke da shi. Mafi yawanmu ba sai mun je nesa ba, akwai gwaggo ko kaka a cikin gida. Ka cire takalmi ka zauna ƙasa. Ka yarda cewa a nan kai ne jahili. Ka ji matar da ba ta taɓa riƙe bik ba ta karɓe saƙarka ta warware ta ce, “Kai ɗan nan, mi kake gaggawa? Wa ke korarka? Sake.” Mai bak ba ya saba jin haka daga irinta, kuma rabin maganin yana cikin wannan jin. Wanda aka warware wa aikin yini sau uku, in ya je kasuwa ba zai iya tsayawa yana ciniki a kan dala goma ba. Bakinsa ba zai ɗauka ba. In kuma ta ba ka lokacinta, ka biya, da kuɗi ko da yi mata wani aiki, don awar da ta ɓata a kanka daga cikin tabarmar sayarwa ta fito.

Saura wani abu da ya fi mini wuya, wanda mu maza a ƙungiyar nan ba mu cika gani ba. Duk zancen da na yi ya ɗauka cewa ɗalibi na da awa guda tasa ta kansa. Wace ɗaliba ke da ita? Ta dawo daga lise ta tarar da daka, da wanke-wanke, da tallan ruwa daga famfo, da goyon ƙani, sannan ta buɗe kaye bayan isha'i ido na rufewa. A ce wa wannan ta nemi aikin hannu don ta huta, ai ba'a ce. Hannunta bai taɓa zama banza ba, abin da ta rasa shi ne aikin da ita ta zaɓa, a saurin da ita ta so, wanda babu mai ƙwala mata kira a tsakiyarsa. Yawon la'asar a bakin Kogin Kwara ko a gefen gari ma, saurayi ne ke yin sa babu mai tambayarsa ina za shi. Awar da take buƙata kuwa ba ta ɓace ba, tana can a fada wurin yayanta, tsakanin shayi na biyu da na uku. Jarka biyu a baro daga famfo kuma dole a tura su a hankali in ba a so ruwan ya zube.